Daga Allo Zuwa Gefen Gadon Majinyaci: Tambayoyi da Amsoshi ga Ɗaliban Likitanci 'Yan Zangon Kumasi

Tun da na fara aiki, duk ranar da na leƙa gida Aboabo sai wata uwa ta turo min ɗanta ko 'yarta: "Je ka gaida yayanka, shi ma likitanci ya karanta." Wasu sun samu gurbi a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, wadda muke kira Tech, suna cikin shekaru ukun farko. Wasu sun riga sun koma asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Bantama, wanda kowa a gari ke kira Gee. Akwai kuma na asibitin koyarwa na Korle Bu da ke Accra da na Tamale da hutu ya dawo da su. Tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, kuma yawancinsu ni ma sun taɓa cin raina, ban samu wanda zan yi wa su da Hausa ba. Ga su nan na tattara, da amsar da nake bayarwa idan muka zauna kan benci bayan la'asar.

Yaya, da hadda na yi sauka, da hadda na ci WASSCE, jarrabawar gama sakandare. Me ya sa yanzu take neman gaza ni?

Ba ta gaza ka ba, ƙanena, aikin ne ya ƙaru. Kada ka bari kowa ya raina maka haddar da ka taso da ita. Yaron da ya saba wanke allo ya sake rubutu, ya biya wa malam ba tare da ya duba ba, yana da jarin da abokan ajinsa da yawa ba su da shi. Ƙasusuwan jikin babban mutum 206 ne, jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa tagwaye 12 ne, kowace da sunanta da hanyarta, kuma babu wata dabara da za ta ɗauke maka zama ka haddace su.

Bambancin shi ne nassin Alƙur'ani ba ya canzawa, amma majinyaci ba ya zuwa yadda littafi ya tsara shi. Littafi yana farawa da sunan cuta, sannan ya jero alamominta. Majinyaci kuwa da alamomin yake shigowa, a hargitse, rabi ya manta, rabi yana jin kunyar faɗa, kai ne za ka nemo sunan. Wanda ya haddace cewa ciwon ƙoda yana kawo ƙarancin jini ya san abu ɗaya. Wanda ya gane cewa ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, ya san dalili, kuma idan ya ga tsoho mai hawan jini tafin hannunsa ya yi fari fat, tunaninsa zai kai ga ƙoda ko ba a tambaye shi ba. Saboda haka duk abin da ka haddace, ka liƙa masa "saboda me?" har sau biyu ko uku, sai ka kai inda ba ka da amsa. A nan karatun ranar zai fara.

Ana ta ce mana mu zama masu zurfin tunani. A aikace me ake nufi?

Bari in ba ka labarin inda na koye shi, don ma'anar da ke cikin littafi ba ta taɓa shiga kaina ba.

Ina aikin sanin makama a wani asibitin gunduma, da damina, aka kawo yaro ɗan shekara huɗu da zazzaɓi da amai. Ranar na riga na ga yara da yawa masu zazzaɓin cizon sauro. Aka yi masa gwajin nan na ɗigon jini, layi biyu suka fito. Na rubuta maleriya, na rubuta magani, hannuna har ya kai ga katin mai biye. Kakarsa ce ta goyo shi, tsohuwa mai tsagen fuska, tana tsaye riƙe da zanen goyon. Da ta ji ina Hausa sai ta matso ta ce, "Ɗana, tun jiya ba ya yarda in ɗaga masa kai in ba shi koko, kuma da an buɗe taga sai ya runtse ido yana kuka." Na ajiye biro. Na sa hannu ƙarƙashin ƙeyarsa na gwada lanƙwasa wuyan, ya sandare kamar itace. Sanƙarau ne. Gwajin bai yi ƙarya ba, akwai alamar maleriya a jininsa, amma ba ita ke neman ransa ba. Allah ya sa yaron ya tashi. Har yau idan na tuna cewa saura ƙiris in sallame shi, jikina yana yin sanyi.

Abin da ya faru da ni yana faruwa da kowane likita: amsar farko da ta zo sai ta toshe ƙofa, musamman idan ita ka fi gani a makon, kuma ga takardar gwaji ta mara mata baya. Tun daga ranar nake yi wa kaina tambayoyi uku kafin in rufe kati. Me kuma zai iya zama? Cikin abubuwan da zai iya zama, wanne ne zai kashe shi kafin gobe idan na rasa shi? Akwai wani abu a labarin nan da bai dace da amsata ba? Ta ukun ta fi wuya, domin zuciya tana son ta share abin da bai dace ba ta ce ba shi da muhimmanci. Maganar kakar nan ita ce abin da bai dace ba.

Amma idan gwaji ya nuna cuta, ba shi ke nan ba?

A'a. Gwaji shaida ne, kuma ana auna shaida kafin a yanke hukunci da shi.

Ɗauki misali, lissafi ne kawai don ka gani. A ce akwai gwajin da ke kama mutum 90 cikin 100 masu wata cuta, kuma yana wanke mutum 90 cikin 100 marasa ita. Ka yi wa mutum 1,000 a kasuwar Kejetia, alhali 10 ne kaɗai ke da cutar. Zai kama 9 daga cikin goman. Sauran 990 kuwa, zai yi wa 99 ƙazafi. Mutum 108 ke nan riƙe da takardar da ta ce suna da cuta, 9 kawai ke da ita. Gwajin bai canza ba, amma ka kai shi ɗakin da rabin mutanen ciki suna da cutar, sai sakamakonsa ya zama abin dogaro sosai. Shi ya sa tambayar farko ita ce, kafin in yi gwajin nan, yaya ƙarfin zatona yake?

Gwajin Widal na taifot, wanda aka ƙirƙiro tun 1896, shi ne ya fi ba ni takaici. Mutumin da ya taso a inda taifot ke yawo yana iya nuna sakamako mai ƙarfi ba tare da yana ciwon ba, maleriya ma tana iya ɗaga shi. Amma kullum sai ka ga an ɗora wa mutum "taifot da maleriya" an haɗa shi da tarin magunguna. Noman jini a ɗakin gwaji shi ne ke tabbatar da taifot. Haka gwajin maleriya na gaggawa: yana iya ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan mutum ya sha magani ya warke.

Littattafanmu daga Ingila da Amurka suke. In yarda da duk abin da suka ce?

Ka karanta su da kyau, don zuciya da hanta iri ɗaya ne a Landan da unguwar Asawase. Amma ka riƙa tambaya: a kan su wa aka gwada wannan?

Shekara da shekaru ana koyar da cewa yaron da zazzaɓi mai tsanani ya galabaitar, jini ba ya zagaya jikinsa sosai, a ɗura masa ruwa da sauri ta jijiya. Kowa ya yarda, don yana da ma'ana a hankalce, kuma yaran sukan nuna kamar sun farfaɗo. Sai aka gwada a Kenya da Yuganda da Tanzaniya, a kan yara fiye da 3,000, aka buga sakamakon a 2011, binciken da ake kira FEAST. Cikin awa 48, kusan 10.5 cikin 100 na waɗanda aka ɗura wa ruwan da sauri sun rasu, waɗanda ba a ɗura wa ba kuwa 7.3. Abin da ake yi don ceto ashe yana ƙara mutuwa a irin asibitocinmu. Amma lura da wani abu, don a nan ɗalibai ke zamewa: ba a sa yara masu gudawa a binciken ba. Wanda ya ji rabin labari ya hana yaro mai amai da gudawa ruwa, ya yi kisa da sunan ilimi.

Ga na kusa. Littafi zai ce majinyaci ya yi fari ko ya yi shuɗi, da hoton farar fata. A fatarmu sai ka janye fatar ido ta ƙasa, ka duba harshe da tafin hannu da farce. Ƙyanda ma a jikin yaronmu sau da yawa yatsa ne ke jin ta kafin ido ya gani. Na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar jini, wani bincike a Amurka a 2020 ya nuna ta fi ɓoye ƙarancin iska a baƙar fata, kusan ninki uku. A hawan jini kuma, binciken CREOLE na 2019, wanda aka yi a ƙasashe shida na Afirka, ya nuna haɗin magani mai amlodipine ya fi sauke jini a mutanenmu. Don haka kusa da babban littafinka ka ajiye kundin ƙa'idojin magani na Ma'aikatar Lafiya ta Ghana, ka riƙa gwama su.

A gida an koya mana ba a musu da babba. Yaya zan yi a zagayen majinyata idan na ga kamar an yi kuskure?

Wannan tambayar ta fi zuwa daga 'yan mata, kuma na san nauyinta. Ƙanwata, tarbiyyar da ta sa kike durƙusawa ki gaida mahaifinki kada ki yar da ita a ƙofar asibiti, majinyata za su so ki saboda ita. Gaskiya ne kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba: sau tara cikin goma, idan kika ga kamar Furofesa ya yi kuskure, akwai abin da ya sani da ba ki sani ba. To amma na goman fa? Akwai mutum kwance a gadon.

Hanyar ita ce ki kawo abin da kika gani, ki sa shi cikin tambaya. "Cif, da na duba katin na ga sakamakon ƙodarsa na jiya ya hau, ko za a rage maganin?" "Furof, ina neman ƙarin haske, me ya sa muka cire tarin fuka daga cikin abin da muke zato a nan?" Idan kina da gaskiya, kin ceci majinyaci ba tare da kin kunyata kowa ba. Idan ba ki da ita, kin samu darasi kyauta. Abin da ba gaggawa ba ki bari a fito daga gaban majinyaci. Abin da zai cutar da shi yanzu, kamar maganin da ya ce jikinsa ba ya karɓa, ki faɗa nan take ko murya na rawa.

Kada kuma ki ɗauka tambayar manya baƙon abu ne a wurinmu. Abubakar Ar-Razi, likitan Bagadaza, ya rubuta littafi guda kan shakkunsa game da Jalinus, wanda a zamanin ake ɗauka uban likitoci, kuma ya yi hakan yana girmama shi. Ibn Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya ƙi yarda da cewa jini na ratsa bangon tsakiyar zuciya, ya ce ta huhu yake bi, kuma shi ke da gaskiya.

Wace hanyar karatu ce ta fi zama a kai?

Wadda alaramma ya yi maka. Bai taɓa cewa ka kalli allo sau goma ba, cewa yake kife shi ka biya. Kuma bai bar ka ka wuce izu ka manta da shi ba, sai ka dawo tilawa. Masana halayyar ɗan Adam sun tabbatar da abu biyun nan: janyo abu daga ka ya fi sake karanta shi, kuma bita a rarrabe ta fi ta dare ɗaya. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna yawancin mantuwa a farkon lokaci take faruwa, kuma kowace bita tana rage saurinta.

Ga yadda za ka yi. Bayan lacca, ka rufe komai, ka ɗauki farar takarda ka rubuta abin da ka tuna, ka zana hanyar jijiyar ko zagayen sinadarin. Sannan ka buɗe ka ga inda ka yi giɓi. Ka sake gobe, ka sake bayan kwana uku, bayan mako, bayan wata. Manhajar Anki ta katunan bita tana tsara maka wannan, kuma a cikin motar haya ta trotro daga Aboabo zuwa Tech Junction za ka iya wuce katuna masu yawa. Sai dai ka rubuta katunanka da kanka, ka sa masu "me ya sa" a ciki. Shafa wa littafi alƙalami mai launi yana sa mutum jin ya yi aiki, amma sanin fuskar shafi daban yake da sanin abin da ke cikinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayoyin jarrabawar baya fa?

Ka yi su, tun farkon zango, don su nuna maka inda kake da rauni. A kowace tambaya ka faɗi dalilin da ya sa sauran amsoshin ba daidai ba ne. Amsoshin da ke yawo a WhatsApp daga aji zuwa aji akwai kurakurai a cikinsu, ka tabbatar da kowace a littafi.

In shiga rukunin karatu ko in yi ni kaɗai?

Ka karanta kai kaɗai, ka gwada kanka a rukuni. Mutum uku zuwa biyar sun isa. Ɗaya ya zama majinyaci, ɗaya likita, sauran su yi ta yi masa "saboda me". Kuma kada ka tsaya ga 'yan zango kawai don kun saba. Ka nemi wanda ya fi ka, ko daga ina yake.

Turancina bai kai na waɗanda suka yi manyan makarantu ba. Hausa tana da wani amfani a nan?

Turancin zai zo, da karatu da yawan gabatar da majinyata. Ka riƙa gwada gabatarwar da ƙarfi a ɗaki kafin safiya, minti biyu, daga shekaru da abin da ya kawo shi zuwa abin da kake zato. Amma abin da kake da shi, su ba za su same shi a laburare ba. Yaron zango yakan tashi da Hausa da Tonanci, wani har da Dagbanci ko Mosanci ko Zabarmanci. Yawancin gano cuta daga labarin majinyaci yake fitowa, kuma labari a harshen uwa ya fi cika.

Sai dai jin yare bai wadatar ba, sai ka bi kalma ka ga me ke ƙarƙashinta. Hajiya ta ce "zuciyata na tashi", mai fassara ya ce ciwon zuciya, alhali amai take ji. "Gabana na faɗuwa" yana iya zama bugun zuciya da ya rikice, yana iya zama damuwar da ta hana ta barci wata uku. "Sanyi" a bakin mace wani abu ne, a bakin tsoho mai ciwon gwiwa wani abu ne daban. "Basir" kuwa, kamar "kooko" a bakin Tonawa, buhu ne da ake zuba komai a ciki, har da jinin da ke iya zama alamar dajin hanji. Kada ka rubuta kalmar, ka ce, "Baba, yi min bayanin yadda yake yi maka."

Ka tuna da Cicely Williams, likitar da ta yi aiki a asibitin yara na Princess Marie Louise a Accra, ko Ankara kamar yadda iyayenmu ke cewa. Ta ga yara masu kumburi da sauyin gashi da saɓulewar fata, ta bayyana ciwon a 1933. Wasu manyan likitoci a Ingila suka ce ai pellagra ce, cutar ƙarancin wani bitamin da aka riga aka sani. Ita kuwa ta saurari sunan da mutanen Ga ke kiransa, kwashiorkor, ciwon da yaro ke yi idan an yi masa ƙani an cire shi daga nono. Sunan da kansa yana ɗauke da sanadin. Ta buga shi da wannan suna a 1935, kuma da shi duniya ke kiran ciwon har yau.

Ta yaya zan karanta takardar bincike? Ina buɗewa sai lissafi ya kore ni.

Ka ɗauke ta kamar yadda malaman hadisi ke ɗaukar ruwaya. Ba sa tsayawa ga daɗin matani, sai sun bi isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, an san shi da riƙo, akwai wanda ya ruwaito saɓaninsa? Takardar bincike ma haka. Ka tsallake ƙarshenta inda marubuta ke yabon aikinsu, ka tafi sashen yadda aka yi. Su wa aka sa, su wa aka cire? Mutum nawa? Da wa aka gwama su? Ƙuri'a ce ta raba su ko likita ne ya zaɓa? Nawa suka ɓace kafin a gama? Me aka auna, lambar gwaji ko rai da mutuwa? Wa ya biya kuɗin aikin?

Ka kula da "ya rage haɗari da rabi". Daga 20 cikin 100 zuwa 10 rabi ne, daga 2 cikin 10,000 zuwa 1 ma rabi ne. Kuma abu biyu su zo tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan.

Ka fara da na gida, sun fi daɗin bi. A Navrongo, a arewacin Ghana, aka gwada ba yara sinadarin bitamin A, aka buga a 1993 cewa ya rage mutuwarsu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. A can kuma aka gwada gidan sauro mai magani, sakamakon 1996 ya nuna raguwar mutuwar yara da kashi 17 cikin 100. PubMed, shafin neman takardun binciken likitanci, kyauta ne, mujallar Ghana Medical Journal ma ana karanta ta kyauta a intanet, laburaren makaranta kuma zai nuna maka yadda ake shiga sauran. Takarda ɗaya a mako ta isa.

ChatGPT da bidiyon YouTube, halal ne ko a guje su?

Ka yi amfani da su don fahimta, kada ka yi amfani da su a matsayin hujja. Manhajojin nan suna iya warware maka abu mai wuya cikin sauƙi, suna kuma iya ƙirƙiro adadin magani ko sunan takardar da babu ita, da murya ɗaya mai cike da tabbaci. Adadin magani daga kundi ake ɗauka. Kada ka taɓa sa sunan majinyaci ko hotonsa a ciki, amana ce. Kuma ka fara yin tunaninka tukuna kafin ka tambaya, in ba haka ba ranar da aka ɗauke wuta da ƙarfe biyun dare, kai da majinyaci kaɗai, za ka tarar ba ka gina komai ba.

Tun ina shekarar farko unguwa ke kira na Dokta, ana kawo min takardun gwaji. Me zan ce?

Ka karɓi girmamawar, ka faɗi gaskiya: "Mama, har yanzu ɗalibi ne ni, ba ni da izinin rubuta magani, amma kawo in karanta miki abin da takardar ta ce." Izinin yana zuwa ne bayan shekara shida, da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, sannan shekara biyu na sanin makama ƙarƙashin manya. Kafin nan akwai alheri mai yawa da za ka iya: ka auna wa tsofaffi jini, ka duba ko katin inshorar lafiyarsu bai mutu ba, ka bayyana wa Alhaji cewa maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi, ka raka wanda ke tsoron Gee.

Idan aka zo maganar sassaƙe da jiƙo da rubutu, kada ka yi dariya. Wanda ka yi wa dariya ba zai daina sha ba, zai daina gaya maka ne kawai, kuma kana bukatar sani, don wasu haɗe-haɗen suna taɓa ƙoda da hanta. Ka kuma tuna artemisinin da muke ba masu maleriya daga ganye aka samo shi a ƙasar Sin, har Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a kansa a 2015. Ma'auni ɗaya ne ga kwalbar kanti da ta mai magani: an gwada, a kan wa, me aka gani?

Aikin bincike na ƙarshe yana ba ni tsoro. Daga ina zan fara?

Daga abin da ya dame ka a unguwa. Me ya sa masu ciwon suga ke daina zuwa asibiti? Ma'aurata nawa suka san rukunin jininsu na sikila kafin ɗaurin aure? Kusan jarirai 2 cikin 100 a Ghana da sikila ake haihuwarsu, kuma a nan Kumasi Furofesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin jarirai a 1995, amma har yanzu a gidajenmu ana kiran ta amosanin jini ana jiƙa magani. Ka matse tambayar ta zama ƙarama, wadda za ka iya amsawa da lokacinka da kuɗin aljihunka. Ka nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin ka tambayi mutum ko ɗaya, kuma ka gaida masu unguwa da limamai kafin ka shiga gidaje. Duk abin da ka ɗauko ka faɗi inda ka ɗauko, manhajar Zotero ta tsara manazarta tana taimakawa. Idan sakamakon ya saɓa wa abin da ka zata, ka rubuta shi yadda ya zo.

Na faɗi jarrabawa, ban gaya wa kowa a gida ba. Kuma ga azumi ya taho.

Na san abin da ke kanka. Mahaifiyarka ta sayar da waakye ta biya maka kuɗin makaranta, duk layinku ana nuna ka. Amma likitoci nagari da yawa sun taɓa maimaita jarrabawa, kuma ɓoyewar ta fi faɗuwar cin rai. Ka zaɓi mutum ɗaya a gida ka gaya masa a wannan makon. Sannan ka je wurin malamin darasin ka roƙi ya nuna maka inda ka zame: rashin sani ne, ko rashin gane tambaya, ko lokaci ne ya ƙure? Kowanne da maganinsa. Idan ka ga barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, ko kana jin rayuwar ta ishe ka, jami'a tana da masu ba da shawara, ka je yau, kamar yadda za ka tura majinyacinka.

Azumi kuwa tsari yake so. Karatu mai nauyi ka sa shi bayan sahur da asuba, lokacin kai na sabo. Bayan azahar ka bar wa katunan bita da abin da ba ya son dogon tunani. Bayan tarawihi awa ɗaya ta isa, ka kwanta, don a cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta. Ka sha ruwa sosai tsakanin buɗa baki da sahur, musamman ranar da za ka tsaya a ɗakin tiyata, kuma ka sa dabino da ruwa a aljihun farar rigarka, don magariba takan riski mutum a gefen gado.